Ciwon Ƙwauri ga Masu Gudu da 'Yan Ƙwallo: Injin Shokwef, Gashin Ƙashi, ko Rage Atisaye?

Duk mai fita da asuba a Jos ya san su. Samari ne a jere suna gudu a gefen titin Bauci ko na Zariya, wasu suna shirin tantancewar shiga soja, wasu 'yan ƙwallon unguwa, wasu kuma magidanta da likita ya ce su rage tumbi. Na daɗe ina horar da yaran unguwa ƙwallo, kuma babu kukan da na fi ji kamar wannan: "Koci, ƙwaurina ne. In na fara gudu sai ya kama, in jiki ya ɗau zafi ya ɗan saki, washegari da safe kuma ko taka ƙasa ba na son yi." A 'yan shekarun nan wata tambaya ta ƙaru a kai. Yaro zai gani a Facebook ko TikTok cewa akwai wani inji da ake buga wa ƙafa a Abuja, shokwef sunansa, sai ya zo yana neman shawara ko ya haɗa kuɗi ya tafi.

Ra'ayina tun daga farko shi ne injin yana taimakon wasu, amma ba da shi ake farawa ba, kuma ba ya aiki shi kaɗai. Ga dalilaina.

Tukuna, wane ciwo ne ke damun ka?

Ciwon da nake magana a kai yana bin gefen ƙashin ƙwauri na ciki, daga tsakiya zuwa ƙasa wajen idon sawu. Idan ka bi wurin da yatsa kana dannawa, za ka ji zafin ya bazu, tsawonsa ya kai santimita 5 ko fiye, kamar faɗin yatsu uku. Asalinsa lodi ne ya yi wa ƙashi yawa. Ƙashi abu ne mai rai, kullum jiki yana rushe tsohon sashe yana gina sabo. Zuciya da huhu suna sabawa da gudu cikin makonni kaɗan, ƙashi kuwa sai a hankali. To idan mutum ya ninka gudunsa dare ɗaya, rushewa ta fi gini sauri, ga naman sha-raɓa yana jan fatar da ta lulluɓe ƙashin a kowane taku, sai ciwo ya tashi.

Garinmu ma yana taimaka wa ciwon. Jos tana kan tudu, kusan mita 1,200 sama da teku, sanyin safiya yana sa mutum ya yi ta gudu bai ji gajiya ba. Hanyoyinmu hawa da gangara ne, kuma gangara ta fi dukan ƙwauri. Filayen ƙwallon unguwa da rani sun bushe kamar daɓe.

Akwai ciwo biyu da ke kama da wannan, kuma dole a raba su kafin a zaɓi magani. Na farko tsagewar ƙashi. Alamarta zafi a wuri ɗaya tak wanda kan yatsa zai rufe, ba ya saki in jiki ya ɗau zafi sai ma ƙaruwa, yana damun ka ko kana tafiya ko kana kwance da dare, kuma ba ka iya tsalle da ƙafar ita kaɗai. Idan a gaban ƙashin yake, kan kaifinsa, abin ya fi tsanani, domin tsagar wurin tana da wuyar haɗewa. Na biyu shi ne naman ƙafa ya cika ya ɗaure tamau lokacin gudu, har da sagewa ko jin kamar tururuwa a saman ƙafa, in an tsaya na ɗan lokaci ya wuce. Mai ɗaya daga cikin waɗannan, asibiti zai nufa, ya bar karanta kwatance. A sani kuma hoton ƙashi na yau da kullum yakan fito lafiya lau a makonni biyu zuwa uku na farkon tsagewa. Hoton MRI, wanda ake ɗauka da na'urar maganaɗisu, shi ne ke nuna ta da wuri.

Ma'aunin da zan yi amfani da shi

Abu biyar nake dubawa. Shin an gwada hanyar a kan mutane an ga sakamako, ko labari ne kawai? Nawa za ta ci gaba ɗaya, har da kuɗin mota da ranakun da za a bar sana'a? Yaushe za a koma fili, kuma saukin zai ɗore ko ciwon zai dawo? Ana samun ta cikin sauƙi ga mazaunin Jos? Sannan wace illa ke tattare da ita? Na fi ba wa ɗorewa nauyi, saboda wanda ya taɓa yin ciwon ƙwauri yana cikin waɗanda ya fi saurin kamawa a karo na biyu.

Rage lodi da komawa gudu mataki-mataki

Wannan ita ce uwar sauran hanyoyin, kuma ita ce yara suka fi ƙi, don ba a sayen ta a kemis. Ba kwanciya ake nufi ba. Wanda ya kwanta wata guda cur, ciwon zai lafa, amma ranar da ya koma ya ɗora daga inda ya tsaya, ranar ciwon zai dawo, domin ƙashin bai ƙara ƙarfi ba.

Yadda ake yi: a dakatar da gudu da tsalle har sai tafiya ta yau da kullum ta daina ciwo, a riƙe numfashi da keke ko iyo. Daga nan a fara gudu a hankali ana haɗawa da tafiya, sau uku a mako, da hutun kwana ɗaya a tsakani, a fili mai laushi kuma miƙaƙƙe. Ka auna zafin daga 0 zuwa 10. In ya kai 4, ko ka tashi washegari ya fi jiya, ka yi yawa, koma matakin baya. Ƙara tsawon lokaci tukuna, sauri ya biyo baya, hawa da gangara su zo a ƙarshe. Rage faɗin taku kaɗan, ƙafa ta riƙa sauka a ƙarƙashin jiki.

Kuɗinta babu. Tsadarta lokaci ne, kuma gara a faɗa wa mutum gaskiya. A wani gwaji da aka buga a 2012 a ƙasar Holan, 'yan wasa 74 sun bi irin wannan tsari har zuwa gudun minti 18 ba tsayawa, kuma ya ɗauke su kwana ɗari da 'yan kai a tsakaice. Wata uku da wani abu ke nan. An ƙara wa wasunsu miƙa jijiya da ƙarfafa sha-raɓa, wasu safa mai matse ƙafa, amma ba a ga bambancin a zo a gani ba tsakaninsu. Wanda ya kama ciwon tun yana sabo yakan warke da wuri fiye da haka. Wajen ɗorewa babu kamarta, don ita kaɗai ke gyara abin da ya jawo ciwon. Illarta ɗaya: mutum shi ne alƙalin kansa, kuma saurayin da ake jira a wasan ƙarshe ba ya yi wa ƙafarsa adalci.

Abinci ma yana cikin lissafi. Mai atisaye da yawa yana cin kaɗan, ƙashinsa ba ya samun abin gini. 'Yan mata masu gudu su lura sosai: ɗaukewar al'ada na watanni alama ce ta jiki bai ƙoshi ba, kuma tana ƙara haɗarin tsagewar ƙashi. A gaya wa likita, ba abin kunya ba ne.

Likitan gashin ƙashi

Mutane suna ɗauka aikinsu tausa ne da fitila mai zafi. Babban amfaninsu a wannan ciwo shi ne ido da tsari. Zai duba ya raba maka ciwon ƙwauri da tsagewa, ya ga ko tafin ƙafarka shimfiɗaɗɗe ne, ko idon sawu ya ƙage, ko ƙugu ba ƙarfi. Zai ba ka atisayen ɗaga diddige, da gwiwa a miƙe da kuma a lanƙwashe, ya tsara maka komawa gudu, ya kuma hana ka gaggawa. A Jos akwai sashen gashin ƙashi a asibitin koyarwa na JUTH da ke Lamingo da asibitin ƙwararru na jihar Filato, ban da masu zaman kansu. Na gwamnati ya fi araha, sai dai a shirya wa layi. Ba sai an je kullum ba. Zuwa kaɗan a ware, da aikin gida a tsakani, ya wadatar da yawancin mutane. Haɗarinsa kaɗan ne ƙwarai muddin mai duba ka yana da rajista da hukumar MRTB, wadda ke ba su lasisi a Najeriya. Abin da zan ja kunne a kai: in zuwa biyar aka yi maka ba a taɓa tambayar ka nawa kake gudu a mako ba, sai zafi da tausa kawai, ba a taɓa tushen ciwon ba.

Injin shokwef

Sunan yana ruɗar mutane, su ɗauka shokin lantarki ne. Ba wuta ce ke shiga jiki ba. Bugun sauti ne mai ƙarfi da ake turawa ta fata zuwa nama da ƙashi. A Jamus aka fara amfani da shi a 1980 don farfasa tsakuwar ƙoda ba tare da tiyata ba. Daga baya likitocin ƙashi suka ɗauke shi da ƙarfin da bai kai wancan ba, kuma a shekarar 2000 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi don ciwon diddige mai naci. Abin da ake kyautata zato shi ne bugun yana tayar da ƙwayoyin da ke gyaran ƙashi da nama, yana ƙara sababbin hanyoyin jini, yana kuma dusar da jijiyoyin da ke kai saƙon zafi.

Iri biyu ne. Akwai mai baza bugu, wanda iska ke harba wani ɗan ƙarfe a cikin hannun injin ya daki kan da ke jikin fata. Shi ya fi yawa, ya fi araha, ƙarfinsa a sama-sama yake tsayawa. Akwai kuma mai tattara bugu a wuri guda, wanda ya fi shiga ciki, ya fi tsada. Ana shafa wa ƙwauri ruwa mai yauƙi, a ɗora kan injin, a yi bugu wajen 1,500 zuwa 2,000 cikin mintuna kaɗan. Yawanci zama uku ne zuwa biyar, da tazarar mako guda ko fiye. Yana da zafi, musamman a ƙwauri inda ƙashi ke dab da fata, amma mai jurewa ne, kuma da ƙafarka za ka fita.

To me gwaji ya nuna? A nan ya kamata mai shirin kashe kuɗinsa ya nutsu.

A 2010 an buga wani bincike daga Jamus a kan mutane 94 da ciwon ya daɗe a jikinsu. Rabi sun yi atisayen gida kawai, rabi an haɗa musu da zama uku na injin mai baza bugu. Bayan wata 15, mutum 40 cikin 47 na masu injin sun koma wasansu kamar da, a ɗaya ɓangaren kuwa 22 cikin 47. A 2012, a Holan, an kwatanta 'yan wasa 42: masu tsarin gudu kaɗai sun warke cikin kwana 92 a tsakaice, waɗanda aka haɗa musu da injin mai tattara bugu cikin kwana 60. Wata guda ba ƙaramin abu ba ne ga ɗan ƙwallo a tsakiyar kaka. Sai dai a duka biyun ba da ƙuri'a aka raba mutanen ba, kuma kowa ya san abin da aka yi masa, wanda hakan kan sa sakamako ya yi kyau fiye da gaskiyarsa.

A 2017 aka samu gwaji biyu da aka raba da ƙuri'a, suka kuma saɓa wa juna. A Kolombiya, ɗaliban soja 42: waɗanda aka yi wa bugu na gaske sau ɗaya tare da atisaye sun iya gudun sama da minti 17 bayan mako huɗu, waɗanda suka yi atisaye kaɗai ba su kai minti 5 ba. A Ostireliya kuwa, mutane 28, an kwatanta cikakken bugu da bugun je-ka-na-yi-ka, bayan mako goma ba a ga bambanci ba.

Abin da na fahimta daga wannan: akwai alamar amfani, amma mutanen da aka gwada kaɗan ne, hujjar ba ta kai a rantse a kanta ba. Abu na biyu ya fi muhimmanci. A duk gwajin da injin ya yi nasara, tare da atisaye ko tsarin gudu aka yi shi. Wanda ya ce maka zo a buga maka sau uku ka koma fili yadda ka saba, ya sayar maka da abin da ba a gwada ba.

Wajen kuɗi shi ya fi duka tsada. Kowane zama da kuɗinsa, kuma ba kowane asibiti ke da injin ba. An fi samun sa a wuraren gashin ƙashi masu zaman kansu a manyan birane kamar Abuja. Mazaunin Jos da zai bi ta Akwanga da Kefi ya lissafa awa huɗu zuwa biyar a mota zuwa, haka dawowa, sau uku zuwa biyar, ga abinci, ga yinin da kasuwa ko aiki zai tsaya. Kafin ka hau mota ka fara tambaya a sassan gashin ƙashi na nan gida. In ka samu wuri, ka tambayi abu huɗu: wane irin inji ne, wa zai yi maka kuma yana da lasisi, nawa ne kuɗin zaman duka a dunƙule, sannan wane tsarin atisaye za a haɗa maka. Ka kuma bambanta shi da ƙaramar bindigar tausa mai caji da ake sayarwa a intanet. Waccan jijjiga nama kawai take yi.

Illolinsa galibi ƙanana ne: ja, ɗan kumburi, taruwar jini a ƙarƙashin fata, tsami na kwana ɗaya ko biyu. Amma akwai waɗanda ba a yi wa: mai juna biyu, mai shan maganin tsinka jini irin su warfarin, mai cutar da jini ba ya tsayawa, mai ƙurji ko miki ko ƙari a wurin. Yaran da ba su gama girma ba ma ana kauce wa bakin ƙashinsu inda tsawo ke fitowa, don haka ɗan shekara sha huɗu a makarantar ƙwallo ba da shi ake wannan magana ba sai likita ya ce. Sauƙin kuma ba nan take yake zuwa ba, yakan ɗauki makonni bayan zaman ƙarshe.

Takalmi da shimfiɗar ciki

Yawancinmu a gwanjo muke sayen kambas, a Katako ko Taminus. Ba laifi ba ne, amma takalmin gudu yana mutuwa bayan kilomita 500 zuwa 800, kuma na gwanjo ba ka san nawa ya riga ya ci ba. Duba ƙasansa: in diddigen ya ci gefe ɗaya, ko soson ya yi layi-layi ya daina dawowa in ka danna, bar shi. Kada a yi gudun kwalta da takalmin ƙwallo. Shimfiɗar da ke tallafe tsakiyar tafin ƙafa tana taimakon mai shimfiɗaɗɗiyar ƙafa, kuma ta fi ƙarfi wajen kariya fiye da warkarwa. Kuɗi matsakaici, sau ɗaya, haɗari kusan babu.

Ƙwayoyi, man zafi da ƙanƙara

Ƙanƙara a cikin tsumma na minti 15 bayan atisaye tana kwantar da zafi, man shafawa ma haka. Ibuprofen ko diclofenac na 'yan kwanaki ba matsala ga mai lafiya. Abin da ke tayar min da hankali shi ne yaron da ke haɗiyar biyu kafin wasa don kada ya ji ƙafarsa. Zafin nan shi ne mai gadi. In ka rufe masa baki ka ci gaba da duka, ta nan ciwon ƙwauri ke komawa tsagewar ƙashi, mako shida ya koma wata huɗu. Ga gyambon ciki, ga wahalar da ƙoda ga mai gudu cikin ƙishirwa. Tramadol kuwa ba shi da gurbi a nan ko kaɗan, na ga yaran da ciwon ƙafa ya zama musu ƙofar shaye-shaye.

Mai ɗori da wanzami

Iyaye da yawa nan suke fara kai yaro, kuma na san amana ce ta kaka da kakanni. Amma a wannan ciwon babu abin da ya goce balle a mayar, babu mataccen jini da za a zuƙe. Murza ƙashin da ƙarfi yana ƙara fama shi, in kuwa akwai tsaga a ɓoye, ɓarna ce. Ƙaho da tsaga fata a ƙwauri, inda nama kaɗan ne, yana iya barin miki mai wuyar warkewa. Sauƙin da ake gani bayan ɗauri yawanci daga hutun dole ne.

| Hanya | Hujja | Kuɗi | Ɗorewa | Samu a Jos | Haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Rage lodi da tsarin gudu | Ita ce tushen jinya | Babu | Mai kyau sosai | A hannunka take | Gaggawar komawa |
| Likitan gashin ƙashi | Mai kyau wajen ganewa da tsari | Kaɗan zuwa matsakaici | Mai kyau | Akwai | Kaɗan |
| Shokwef | Akwai alama, gwaji sun saɓa | Mai yawa | Sai an haɗa da tsari | Sai an nema | Kaɗan, akwai waɗanda ba a yi wa |
| Takalmi da shimfiɗa | Ta fi ƙarfi a kariya | Matsakaici | Har takalmin ya mutu | Akwai | Kusan babu |
| Ƙwayoyi da man zafi | Rage zafi kawai | Kaɗan | Sa'o'i | Ko'ina | Ɓoye tsagewa, ciki, ƙoda |
| Ɗori da ƙaho | Babu | Kaɗan | Babu | Ko'ina | Fami, miki |

Wa ya dace da me

In ciwon sabo ne, bai wuce mako biyu zuwa shida ba, kuma ya biyo bayan ƙarin gudu ko sauya fili, rage lodi, duba takalminka, sa ƙanƙara. Kuɗin injin ka riƙe abinka.

In kai magidanci ne ko uwargida da aka fara gudu don rage ƙiba ko hawan jini, koma tafiya mai sauri da keke, ka shigo da gudu kaɗan-kaɗan daga baya. Nauyin jiki yana cikin abubuwan da ke jawo ciwon, kuma tafiya ma tana rage nauyin.

In ciwon yana tafiya yana dawowa duk kaka, ko ƙafarka shimfiɗaɗɗiya ce, ko ba ka tabbatar da wane ciwo ba ne, likitan gashin ƙashi ne naka, tare da shimfiɗar takalmi in ya ga dacewarta.

In kana shirin tantancewar soja ko ta 'yan sanda kuma saura makonni kaɗan, kada ka dogara da injin ya cece ka, lokacin bai isa ya nuna aikinsa ba. Je a duba ka a tabbatar ba tsaga, riƙe numfashinka da keke, ka taƙaita gudu zuwa abin da ƙafar ke ɗauka. Horon da ke gaba, irin na soja a Zariya, ya fi tantancewar nauyi, kuma da wannan ƙwaurin za ka shige shi.

Shokwef na wanda ya bi tsarin gudu da gaske na wata uku ko fiye, ƙarƙashin mai duba shi, an tabbatar ba tsagewa ba ce, amma ciwon ya ƙi tafiya. Haka ɗan wasan da ƙafarsa ce abincinsa, wanda wata guda na iya raba shi da kwantiragi, kuma kulob ko aljihunsa zai ɗauki kuɗin zaman duka ba tare da bashi ba. Wannan ya je, ya kammala zaman, ya ci gaba da atisayensa a tsakani, ya ba abin mako takwas zuwa sha biyu kafin ya yanke hukunci. In har lokacin babu canji, kada ya sake biyan wani zagaye, ya nemi MRI da likitan ƙashi.